FASHIN BAƘI: Yadda za a kare shanya daga kashin tsuntsaye a Gayam ba tare da guba ko gatari ba

A Gayam da sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari, rana da iska ne ke busar da wanki. Ana ɗaura igiya daga bishiya zuwa katanga, ko a baza kaya a kan danga, ko a shimfiɗa su a kan dutse idan a rafi aka yi wankin. Duk inda aka yi shanyar kuwa, akwai masu kallo daga sama: kurciya, hasbiya, tattabara, gwara, hankaka da balbela. Ɗigo ɗaya daga ɗayansu a kan farar riga ya isa ya mayar da aikin hantsi guda baya.

Wanda famfo ke zuba a tsakar gidansa zai iya ɗaukar wannan abin dariya. Amma a gidan da ake ɗauko ruwa a ka daga rijiya, ko a bi layin burtsatse, ko a saya a hannun 'yan ga-ruwa, sake wanki asara ce ta ruwa da sabulu da lokaci, kuma kusan kullum mata da 'yan mata ne ke biyan ta. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta a shekarar 2016 cewa mata da 'yan mata a faɗin duniya na kashe sa'o'i miliyan 200 a kowace rana wajen ɗiban ruwa. Rigar makarantar da tsuntsu ya ɓata da la'asar tana iya zama dalilin da yarinya za ta sake ɗaukar jarka, ko kuma ta makara washegari.

Idan haushi ya kai wa maigida wuya, magani biyu ne ke fara zo masa a rai: ya sare bishiyar, ko ya barbaɗa guba a tsaba. Duka biyun sun fi cutar tsada. Akwai hanyoyi masu sauƙi, waɗanda akasarinsu ba sa cin ko sisi, kuma sun dogara ne ga sanin halin tsuntsun da kansa.

Me ya sa tabon ke da wuyar fita?

Tsuntsu ba ya fitsari daban kamar akuya ko ɗan'adam. Ƙodarsa tana fitar da dattin jini a matsayin wani farin abu mai kauri da masana ke kira yurik asid, wanda ke haɗuwa da kashin a mafita guda. Shi ya sa kashin tsuntsu yake da launi biyu: farin shi ne madadin fitsari, baƙin ko koren da ke tsakiya shi ne ragowar abinci. Wannan tsari yana taimaka wa tsuntsu ya adana ruwan jikinsa, kuma ya tashi sama ba tare da nauyin mafitsara ba.

Matsalar mai wanki ita ce, farin ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi. Da zarar rana ta gasa shi, sai ya kama zaren yadi kamar farar ƙasa a jikin bango. Baƙin kuma launinsa ya danganta ne da abin da tsuntsun ya ci. Wanda ya ci tsaba yakan bar tabo mai sauƙi. Wanda ya ci ɗinya ko ɓaure ko kanya yakan bar tabo mai duhu, domin rinin 'ya'yan itacen na fitowa kusan yadda ya shiga. Ƙananan tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace sukan fitar da abin da suka ci cikin ƙasa da sa'a guda, don haka igiyar da ke kusa da bishiya mai 'ya'ya tana kan hanyarsu ne kai-tsaye.

Su wane ne masu laifin, kuma me ke kawo su?

Ƙasar Birnin Gwari ƙasar tsuntsaye ce. A cikinta Gandun Dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana iyaka da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, kuma an ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 170 a cikinsa. Sai dai waɗanda ke ɓata shanya ba su kai goma ba, kuma dukkansu irin waɗanda suka saba zama da mutane ne.

Kurciya da hasbiya da gwara tsaba ke kawo su: wurin sussuka, wurin surfe, dusar da aka zuba wa kaji, da hatsin da aka baza a tabarma. Tattabara kuwa ta gida ce, kuma sau da yawa ɗakinta yana jingine da katangar da aka ɗaura igiyar. Hankaka yana bin bola da wurin wanke-wanke. Balbela tana bin shanu da rana, da yamma ta taru da 'yan'uwanta a bishiya guda su kwana, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ƙarƙashin irin wannan bishiya ya ga yadda ƙasa ke yin fari fat. Tsuntsaye masu saƙa sheƙa sukan mamaye bishiya ɗaya da damina. Shamuwa, wadda zuwanta ke sanar da manomi cewa ruwa ya kusa, takan yi sheƙa a manyan itatuwan gari, ta zauna har ta yaye 'ya'yanta.

Akwai kuma waɗanda ake ɗora wa tsuntsu laifinsu. Kayan da suka kwana a igiya, aka wayi gari da tabo mai kama da fesawa, galibi aikin jemage ne, musamman lokacin da mangwaro ko ɓaure ko darbejiya suka nuna. Wanda aka samu a kayan da aka rataya a katanga, baƙi dogo mai ɗan fari a ƙarshe, na ƙadangare ne. Sanin mai laifi rabin magani ne, domin abin da ke korar kurciya da rana bai shafi jemage da dare ba.

Abu ɗaya ya haɗa tsuntsayen nan duka: sun fi yin kashi a inda suka sauka suka huta, sau da yawa daf da lokacin da za su tashi. Wanda ke faɗowa daga tsuntsu mai wucewa a sama kaɗan ne. Saboda haka tambayar da ta kamata mai shanya ya yi wa kansa ita ce, mene ne a saman igiyata? Reshe ne, ko wayar lantarki, ko eriya, ko bakin kwanon rufi?

Akwai haɗari ga lafiya?

Ɗigo ɗaya a kan riga ba abin tayar da hankali ba ne, idan aka wanke shi aka wanke hannu. Haɗarin yana ga kashin da ya taru ya bushe, kamar na ɗakin tattabaru ko na ƙarƙashin makwancin balbelu. Kashin tsuntsaye na iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai haddasa gudawa da zazzaɓi. A busasshen kashin tattabara akan samu wani nau'in fumfuna da ake shaƙa tare da ƙura, wanda kan jawo sanƙarau ga masu raunin garkuwar jiki, musamman masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki waɗanda ba sa shan magani. Don haka kayan jarirai da na marasa lafiya da tsumman da ake tace koko ko rufe abinci da shi sun fi buƙatar kulawa.

Jihar Kaduna ta san wannan darasi. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a ƙaramar hukumar Igabi, kuma shi ne karo na farko da aka ga cutar a nahiyar Afirka. A farkon 2007 aka tabbatar ta kashe wata mata a Legas. Cutar ba ta cika kama mutane ba, amma duk lokacin da aka ga kaji ko tsuntsayen daji suna mutuwa da yawa, bai kamata a taɓa su da hannu ba, sai a sanar da malaman dabbobi.

Wani haɗarin yana jiran wanda ya guje wa igiya ya koma shanya a ƙasa. Akwai wani ƙuda da likitoci ke kira tumbu, wanda ke zuba ƙwai a ƙasa mai inuwa da fitsari ko kashi ya taɓa, da kuma a jikin tufa mai danshi. Idan aka sa rigar, tsutsarsa kan shiga fata ta yi ƙurji mai kama da maruru. Shanya a igiya cikin rana sosai da kuma guga mai zafi, ko da da dutsen gawayi ne, suna kashe ƙwan.

Ta fuskar ibada kuwa, a mazhabar Malikiyya da akasarin Musulmin Arewa ke bi, kashin abin da ya halatta a ci namansa mai tsarki ne, matuƙar ba najasa yake ci ba, kuma haka hukuncin yake a Muhtasar na Shehu Halilu da ake karantawa a zaurukanmu. Ke nan kashin kurciya ko tattabara ba ya ɓata sallah, amma na kazar da ke kiwo a juji hukuncinsa daban ne. Duk da haka, tsarki daban, tsafta daban, kuma babu mai son shiga sahun Juma'a da tambarin hasbiya a kafaɗa.

Dabarun da ke aiki

Ta farko, kuma wadda ta fi kowace tasiri, ita ce a sauya wa igiya wuri. Al'adar ɗaura ta a jikin bishiya ta samo asali ne daga sauƙi, tunda bishiya turke ce da ba a saya ba. Amma turaku biyu da aka kafa a fili, taku biyar ko shida daga inda rassa suka ƙare, kuma ba a ƙarƙashin wayar lantarki ba, za su rage matsalar fiye da duk wani abin tsoratarwa. Idan tsakar gidan ƙarama ce, a sassabe reshen da ya yi wa igiyar rumfa kawai, a bar bishiyar.

Ta biyu, a raba wurin shanya da wurin abinci. Turmi da faifai da kwanon dusa da kaskon ruwan kaji su koma ɗaya ɓangaren gida. Idan za a shanya masara ko barkono ko kuɓewa a rana ɗaya da wanki, kowanne ya kama kusurwarsa. A rufe bola, a kwashe ragowar tuwo daga wurin wanke-wanke. Mai kiwon tattabaru ya daure ya mayar da ƙofar ɗakinsu wani gefe, domin hanyar da suke bi su fita ita ce hanyar da suke ɓatawa.

Ta uku, lokaci. Tsuntsaye sun fi kai-kawo da sassafe da kuma gab da magariba, da tsakar rana sukan lafe a inuwa. Shanyar da aka yi da hantsi aka kwashe kafin la'asar sakaliya ta tsallake lokutan biyu. Da hunturu, sa'o'i biyu ko uku sun ishi yawancin kaya su bushe. Kada a bar kaya su kwana a waje, domin dare na jemage ne. Idan an kwashe, a kwance igiyar ma a naɗe ta, tunda igiyar da ke ɗaure kullum takan zama wurin hutawar gwara, ta yi datti tun kafin a ɗora mata komai. In ba za a kwance ta ba, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma kafin shanya.

Ta huɗu, a hana tsuntsu jin daɗin sauka. Igiya mai kauri ko gora da aka gitta kujera ce a wurinsa. Siririyar igiya mai santsi ta fi wuyar kamawa ga manya irin su tattabara da hankaka. Wasu sukan ja zaren fatsa kamar taƙi ɗaya a saman igiyar, tsuntsu ya zo sauka ya ji abin da bai gani sosai ba ya taɓa fukafukinsa, sai ya fasa. Za a iya kuma kafa wani dogon sanda mai gicciye a can nesa, kusa da bola ko bayan gida, domin tsuntsu ya fi son wuri mafi tsawo.

Ta biyar ita ce wadda kowane ɗan manomi ya sani daga tsaron gero da shinkafa: abu mai ƙyalli da motsi da ƙara. Tsohon faifan sidi, zaren kaset, yankakkiyar leda mai sheƙi, ko gwangwanaye da aka ɗaure su riƙa bugun juna. Suna aiki, amma na ɗan lokaci. Bahaushe ya ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Tsuntsu ma haka yake, hankaka kuwa ya fi kowa saurin gane cewa mutum-mutumi ba ya jifa. Sirrin shi ne a fito da su ranar wanki kaɗai, a kwashe su tare da kayan, kuma a riƙa sauya musu wuri da iri.

Ta shida, rufi. 'Yar rumfa ta zana ko buhu ko tsohon kwano a saman igiya tana tare komai daga sama, ta bar iska ta ratsa ta gefe, kuma da damina tana kare kaya daga yayyafi. Tsohon gidan sauro da ya yayyage ya daina amfani a gado zai iya zama rufi mai barin rana ta shiga, idan aka ja shi ya miƙe sosai don kada tsuntsu ya sarƙe. Sabo dai na kwana ne, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi tabo muni.

Ta ƙarshe, a juya kaya bai-bai kafin a shanya, musamman shadda da atamfa da kayan makaranta. Idan tsautsayi ya faɗa, a ciki zai tsaya, kuma rana ba za ta kashe launin fuskar yadin ba.

Idan an riga an ɓata fa?

Kada a murza shi yana ɗanye, domin murzawa tura shi take yi cikin zare. A ɗebe na saman da tsinke ko bakin cokali, sannan a zuba ruwan sanyi ta bayan yadin don ya turo dattin waje. Ruwan zafi dafa tabon yake yi ya zauna. Idan ya riga ya bushe, a ɗan yayyafa masa ruwa kafin a kankare, don kada a shaƙi ƙurarsa. Daga nan a jiƙa wurin kaɗai da omo ko sabulu na kamar rabin sa'a, a cuɗa a hankali, a ɗauraye. Ba sai an sake wanke rigar gaba ɗaya ba, kofi biyu na ruwa sun isa.

Tabon 'ya'yan itace a farin yadi yakan saki idan aka matsa masa lemun tsami aka sa shi a rana. Bilic na fararen kaya ne kawai, kuma kada a taɓa haɗa shi da lemun tsami ko wani abu mai tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Kada a yi guga sai tabon ya fita, tunda zafin dutse hatimi yake buga masa. Shadda mai tsada kuwa gara a dangwala mata jiƙaƙƙen tsumma a hankali, ko a kai wa masu wanki da bugu.

Me ya sa ba guba ba, ba gatari ba?

Tsabar da aka jiƙa da fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona ba ta tambayar sunan mai ci. Kajin gida za su tsattsaga, akuya za ta lasa, yaro mai rarrafe zai kai baki. Kurciyar da ta ci ta faɗi a bayan gari, wani yaron zai tsince ta ya gasa. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba a kasuwanni saboda yawan rayukan da suke ci. Ko feshin jirgin sama da gwamnati ke yi wa jan-baki a jihohi irin su Kebbi da Sakkwato da Jigawa, inda abincin dubban gidaje ke cikin haɗari, masana muhalli na kokawa da yadda yake hallaka tsuntsayen da ba su ci ba su sha ba. Balle a ce saboda riga.

Tarihi ma ya yi gargaɗi. A 1958 gwamnatin Mao Zedong ta ƙaddamar da yaƙi da abubuwa huɗu a ƙasar Sin: ɓera, ƙuda, sauro da gwara, bisa zargin gwara na cinye hatsi. Jama'a suka yi ta kaɗa kwanoni da tukwane suna hana tsuntsayen sauka har suka riƙa faɗowa matattu. Da gwara ta ƙare, fara da sauran ƙwarin da take ci suka samu sake. A 1960 aka cire ta daga jerin aka sa kuɗin cizo, amma an makara, kuma ɓarnar ƙwarin ta ƙara wa yunwar 1959 zuwa 1961 muni, yunwar da ta kashe miliyoyin mutane. Garin neman gira aka rasa ido. Balbelar da ke ɓata zane da yamma ita ce ta wuni tana cin fara a gona, jemagen da ke ɓata riga shi ke yaɗa irin itatuwa a daji.

Bishiya kuwa, wanda ya zauna a ƙarƙashin darbejiya a watan Afrilu ya san darajarta. An shigo da ita ne daga yankin Indiya, aka fara dasa ta a Borno a 1928, ta bazu ta zama inuwar Arewa. A yankin da masu katako da masu gawayi suka daɗe suna cin daji, itacen da ke cikin gari dukiya ce. Minti talatin sun isa a kayar da shi, amma sai an shekara goma kafin wani ya yi inuwa. Igiya kuwa minti biyar ake sauya mata wuri.

Ina ruwan hukuma?

Da ruwanta. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara da kula da mayanka da kasuwanni, har ma da sa ido kan wuraren wanki da kiwon dabbobin gida. Jujin da aka bari a tsakiyar unguwa da mayankar da ba a wankewa su ne ke tara hankaki, kuma babu faifan sidin da zai yi maganin wannan. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, tambayar ina kuɗin shara da na gyaran burtsatse ta samu adireshi. Gayam ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Birnin Gwari, tana da kansila, kuma jihar tana da hukumar RUWASSA mai kula da ruwa da tsaftar karkara. Tsadar tabon tsuntsu daidai take da nisan rijiya.

Shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin sun tilasta wa dubban mutane barin ƙauyukansu, suka cunkushe a gidajen dangi, inda iyalai da yawa ke raba tsakar gida ɗaya da igiya ɗaya, zuwa rafi wanki kuma ya zama kasada. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Duk wanda ya samu komawa gida yana tayar da katangar da ta rushe, wannan ne lokacin da zai tsara inda turmi zai zauna, inda ɗakin tattabaru zai kalla, da inda za a kafa turakun shanya. Matasan da ke taimaka wa iyayensu wannan aiki su nemi shawarar masu yin wankin kafin su haƙa rami, domin su suka san inda rana ke faɗawa da hantsi, da kuma reshen da kurciya ta fi so.